Yakuwata a Lambun Basha

Ba zan ɓata bakina kan jirgi ba. Kowa ya san jirgi: a ɗaure ka a kujera, a miƙo maka abinci a ɗan kwali. Labarina daga ƙasa ya fara, don ni mutuniyar ƙasa ce. Sunana Zainabu, ana ce mini Iya Abu, 'yar Sarkin Lambu ta gaɓar kogin Wudil. Ban taɓa zama a aji ba. Amma ka zuba mini ƙasa a tafin hannu, in murza, in shinshina, sai in gaya maka abin da za ta haifa. Ban taɓa roƙon kowa ba sai Ubangijina. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Autata Hauwa'u ce ta kai ni Alƙahira. Ciwon daji ya kama ta a mama, likitocin Kano suka yi iya yinsu, mijinta ya haɗa abin da ya haɗa, ya ce a tafi Misira. Shi ya zauna da yara uku, ni na bi ta. Mun sauka shekara guda bayan Misirawa sun tumɓuke shugabansu, gari bai gama hucewa ba. A bakin zanena akwai ƙulli. Mace mai lambu ba ta tafiya babu iri. Irin yakuwa ne, ja, wanda na gada daga gyatumata.

Zangonmu na farko unguwar Madinat Nasr. Wani dillali ɗan ƙasarmu, mai dogon carbi da "Hajiyata, Hajiyata" a baki, ya hau da mu hawa na shida, ya ce ga shaƙƙarku, wato gidan hayarku, ku sake jiki. Mako biyu muna ciki, sai ga ɗalibai huɗu 'yan ƙasarmu da jakunkuna, sun dawo daga hutu, makulli a hannunsu. Gidansu ne. Aka kira dillali, waya a kashe, kuma har yau a kashe take. Yaran nan, Allah ya yi musu albarka, suka kalli Auta a kwance, suka kalli juna, suka tafi masallaci suka yi kwana uku a can, har muka sami inda za mu sa kai.

Zango na biyu unguwar Arba wa Nus, wurin wata mata Batula. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta suka taso aikin hajji a ƙasa, ƙafa ta ƙare musu a hanya. Hausarta kamar an jiƙa ta a Larabci, amma zuciyarta tamu ce. Mu takwas a ɗaki guda. Ruwa sai an saya a jarka. Ranar asibiti mu shiga ƙaramar bas da suke kira mikrobas, mu sauka, mu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, Auta na amai a leda, mutane na janye ƙafafunsu. Maganin da ake ɗura mata ya zubar mata da gashi, ya kashe mata baki. Likita ya ce ta bakin Batula:

"Maganin nan sai jiki mai ƙarfi. In ba ta ci abinci ba, dole mu tsayar."

To, ga abin da ke gabana ke nan. Auta ta ci. Ba wani abu ba.

Na kawo wake da suke kira ful, ta kau da kai. Na kawo burodinsu. Na kawo miyar lalonsu mai yauƙi, ta ce, "Inna, ɗauke, kamar majina." Wata rana tana kwance, ido a rufe, ta ce, "Da dai miyar yakuwa ce, ɗanya, mai tsami, irin taki." Na zaga kasuwa. Misirawa suna shan zoɓo kamar mu, karkade suke ce masa, amma ganyen ba sa ci, ba sa sayarwa. Mai kayan miya ya yi mini dariya har da riƙe ciki.

Batula tana wanki da guga a wani tsohon gida a Ma'adi, kusa da asibitin. Ɗakin maigadi ya zama kango tun lokacin hargitsi, mai lambun gidan kuma ya tsufa, gwiwa ta ƙi, ido ya yi hazo, yana neman mai cire masa ciyawa. Matar gidan, Madam Samira, ta tafi Iskandariyya shan iskar teku, sai zafi ya wuce za ta dawo. Batula ta nema mana ɗakin, ni kuma in riƙa cire ciyawar, Madam ta ce ta waya in mai lambu ya yarda, ta yarda. Haka muka isa zango na uku.

Da aka buɗe ƙofar na tsaya cak. Na ga ƙasa baƙa, mai maiƙo, irin wadda za ka tofa yawu ya tsiro. Na ga ruwa. Na duba, na duba, ban ga abin sawa a tukunya ko ɗaya ba.

Hanya ce miƙaƙƙiya daga matakalar gida har bangon ƙarshe, ta raba lambun biyu. A tsakiya kwarmin ruwa na farin dutse mai feshi sama, a ƙarshe gunkin wata mace da ta manta da zanenta. Dama fangali huɗu, hagu fangali huɗu. Cikin kowanne, shingen wani ɗan itace mai ƙananan ganye, an aske shi, yana lanƙwasa yana murɗewa, tsakaninsa an zuba farar tsakuwa da garin jan bulo. Itatuwa an sassaƙe su kamar kan sukari. Gefen hanya tukwane manya, goma nan, goma can, da lemon tsami a ciki, 'ya'ya rututu.

Mai lambun suna kiransa Ammu Sayyid. Ni na ce Malam Sa'idu, ya amsa. Na miƙa hannu ga lemo, ya buge mini yatsa da hularsa.

"La', ya Hagga! Na ido ne."

"Batula, me ya ce?"

"Ya ce na kallo ne, ba a tsinka."

"Ki tambaye shi, a garinsu ido yana da hanji?"

Ya yi dariya har ya yi tari, amma bai ba ni lemon ba.

Ran Juma'a, muna shan shayi a gindin bango, ya ba mu tarihin wurin, Batula na juya mini. Kakan Madam basha ne, babban mai mulki. Ya je ƙasar Faransa, ya ga lambunan da tsofaffin sarakunansu suka yi, ya dawo hankalinsa bai dawo ba. Ya ɗauko wani Bature da takarda da ma'auni. Da can wurin dabino ne da gwaiba da ɓaure. Aka sare su duka, aka daddaɓe ƙasa ta zama kamar faranti. Kakan Sa'idu ne ya riƙe wa Baturen igiya da turaku, daga shi sai ubansa, sai shi. A zamanin basha mutum goma sha biyu ke aiki a ciki. Da soja suka karɓi ƙasa aka ƙwace gonakin gidan, ma'aikata suka watse, ya rage almakashi guda da mutum guda.

Ya ja ni tsakiyar hanyar, ya ce in duba gunkin. Na ce yana da nisa. Ya ce in taka. Taku kaɗan na isa. Ashe Baturen ya tsuke hanyar daga can ƙarshe, ya rage tsawon itatuwan baya, don ido ya ɗauka wurin ya fi haka girma.

Na ce, "Lambun ma maƙaryaci ne."

Ya ce, "Doka ɗaya ce a nan, ya Hagga. Abin da ke dama, shi ke hagu. In na aske reshe a nan, sai na aske ɗan'uwansa a can. In itace ya mutu a can, sai na tuge na nan, in dasa sababbi biyu rana ɗaya." Sai ya nuna sama, wurin wasu tagogi masu rufaffun katakai a bene. "Don can aka yi shi."

Na ɗaga kai, na ga tagogi a rufe, na ce to. Ban gane ba. A Wudil, in kana son ganin lambu, shiga cikinsa kake yi.

A fangali na ƙarshe ta dama akwai inda shingen ya murɗe ya yi da'ira, tsayinsa ya kai ƙuguna, cikinsa fili kamar faɗin tabarma biyu, an rufe da tsakuwa. Sa'idu ba ya zuwa can saboda gwiwa, ni ya bar wa. Wata safiya na share tsakuwar da hannu, na tona, na shinshina. Jama'a, ƙasar nan shekara ɗari tana jiran a tambaye ta. Na kwance bakin zanena.

Na san ba nawa ba ne. Ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na zaga ta kowace kusurwa, na tsaya, na duƙa, ba a hango komai. Na ce wannan ɓuya ta yi.

Kwana huɗu ta tsiro. Mako huɗu na fara tsinka. Da ta so ta leƙo saman shinge sai na riƙa karya mata kai, yadda muke yi a gida, ita kuwa in ka karya mata kai sai ta yi rassa ta baje. Ta cika da'irar nan tam, kara ja wur, ganye na sheƙi.

Na sami gyaɗa wurin 'yan Sudan, na daka, na sami ɗan kifi busasshe, na tuƙa tuwon garin masara. Auta ta ji ƙanshi ta buɗe ido.

"Inna, sata kika fara da tsufanki?"

"Rufe mini baki. Aro na yi wa ƙasa."

"Allah ya sa kada a kai 'yar Sarkin Lambu gidan yari a Misira. Me zan gaya wa mutanen Wudil?"

"Ki ce musu kin ci kin ƙoshi. Buɗe bakin."

Loma bakwai ta yi. Na ƙirga. Kashegari goma sha ɗaya. Wata biyu tana ci, har ta fara fita tana zama a bakin ƙofa, ta ɗaura ɗankwali a kan da babu gashi, tana tsokanar gunkin, wai ita ma ta samo mata zane. Likita ya ɗora ta a sikeli ya ce tamam, komai daidai, a ci gaba da magani.

Saura mako guda Madam ta dawo, Sa'idu ya ɗauki makulli ya hau bene don ya buɗe tagogi gida ya sha iska. Ina tsugune ina cire ciyawa na ji kira daga sama.

"Ya Hagga! Ta'ali! Hau!"

Na hau. Ya tsayar da ni a baranda, ya nuna mini ƙasa da yatsa.

Ranar na ga lambun. Wata huɗu ina rarrafe a cikinsa, ban taɓa ganinsa ba. Daga sama ba shinge ba ne, ba tsakuwa ba ce. Aiki ne irin na wuyan babbar riga, wanda maɗinki ya shekara yana yi, kore a kan fari, kowace murɗiya ta dama tana kallon 'yar'uwarta ta hagu, hanya ta ratsa tsakiya kamar tsagar gashi. Ni da na raina shi, sai da na ce tubarkalla. A can kuma, kafaɗar dama, ga yakuwata. Ja, jagab, kamar an soki mai rigar. Makaho ma sai ya gani. Karya kan da na riƙa yi don in ɓoye ta, shi ya ƙara mata faɗi.

Aka kira Batula. Sa'idu ya ce, "Shekara hamsin ban bar ganye ɗaya ya fita layi ba. Yau za ki tuge ta."

Na ce muku ban taɓa roƙon mutum ba. Ko ranar da ruwa ya cinye mana lambu, ko ranar da maigidana ya rasu ya bar ni da 'ya'ya bakwai. A barandar nan na durƙusa, gwiwa biyu, gaban wani tsohon Bamisire mai yagaggiyar riga, na kama ƙafarsa.

Ya ja da baya kamar na ƙona shi. "Astagfirullah! Tashi, tashi!" Ya ɗaga ni tsaye. Can ya ce, "Abin da ke dama, shi ke hagu. Mu raba ta biyu, mu dasa rabi a da'irar hagu. In ta ga ja nan, ja can, wataƙila ta ɗauka ado na yi mata."

Na san yakuwa. In ta girma ta yi saiwa, ba ta son a taɓa ta. Sabon iri kuma ba zai kai ko'ina a mako guda ba. Na sani sarai, na ce to, don ba ni da wata to ɗin. Da la'asar sakaliya muka haƙo rabi da ƙasarta, tsoho na jan gwiwa, yana auna tazara da igiyar kakansa. Muka dasa, muka shayar.

Madam ta dawo. Tsohuwa ce 'yar firit, ba ta iya sauko da matakala, kujera ake ɗora ta a hau da ita. Da safe aka buɗe taga. Kafin hantsi aka ce mu hau.

Tana zaune, bargo a gwiwa, a bangon da ke bayanta ga takardar zanen lambun ta Baturen a cikin gilashi, ta yi ruwan ƙasa don tsufa. Sa'idu ya fara cewa shi ya yi. Ta ɗaga yatsa ya yi shiru. Ta ce ubansa ma bai iya ƙarya ba. Batula ta gaya mata gaskiya, har da loma bakwai.

Ta kafe ni da ido. Ni ma na kalle ta, ban sunkuyar ba. Sa'ata ce, ko ta girme ni kaɗan. Ta ce:

"An ƙwace mana gonaki. 'Ya'yana suna ƙasashen waje, jira suke in mutu su sayar a gina bene. Abin da ya rage mini a duniya shi ne abin da nake gani ta tagar nan. A takardar kakana babu ja." Ta juya ta sake duban lambun. "Amma ba jan ne ya dame ni ba. Dubi hagu."

Na duba. Ta hagu ta sunkuyar da kai, ganye ya yi laushi kamar tsumma.

"Ɗaya a raye, ɗaya na mutuwa. Ba zan iya tashi kullum in ga wannan ba. Kwana bakwai. In ta hagu ta miƙe, su zauna duka har 'yarki ta gama magani. In ta mutu, Sayyid ya san doka."

Babu abin da ban yi ba a kwana bakwan nan. Na rage mata ganye. Na yi mata rumfa da zannuwana biyu, na hana rana. Na jiƙa kashin tattabaru na tace na ba ta kaɗan kaɗan. Na shayar da ita da ludayi kamar jinjiri. Na karanta mata abin da na iya. Duk abin da ubana ya koya mini a gaɓar kogi na zube shi a da'irar nan. Rana ta huɗu ɗaya ta ɗago, na yi guɗa har Auta ta ji daga ɗaki. Rana ta shida ta koma. Rana ta bakwai na kama kara na ja, ya fito salin alin, saiwa ta yi baƙi.

Sa'idu ya zo da fartanya. Na karɓe ta daga hannunsa. Na ce abin da na shuka, ni zan tuge. Na shiga da'irar dama, yakuwa lafiyayya, har ta fara fure, na tuge ta ɗaya bayan ɗaya don 'yar'uwarta ta mutu a wancan gefe. Na mayar da tsakuwa, na baje ta sumul. Tagar sama a buɗe take. Ban ɗaga kai ba.

Na shanya ganyen a rufin ɗaki. Na gwada shuka sauran irin a gwangwani, sanyi ya riga ya shigo, ya tsiro ya tsaya kamar allura. Busasshiyar ta kai mu mako uku. Auta tana ƙoƙari don ni.

"Inna, tsamin ya gudu."

"Haɗiye dai."

"Na haɗiye. Ki rubuta loma uku."

"Da wane alƙalamin?"

Ta yi murmushi. Daga uku ta koma biyu.

Wata safiya aka ƙwanƙwasa. Sa'idu ne, hannu a cikin aljihun riga. Ya waiga, ya fito da lemon tsami biyu.

"Wahid yamin, wahid shimal," ya ce. Wannan na gane ba sai da Batula ba. Ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu.

Mutumin da ya buge mini yatsa. Na matsa a miya, tsami ya dawo, Auta ta yi loma biyar. Tun daga ranar kullum sai ya zo da biyu. Tukunya ta farko ta dama da ta farko ta hagu, gobe ta biyu da ta biyu, yana bi a jere don kada wani gefe ya fi wani. Matar da ta hango laushin ganye daga bene, ba za a ce ba ta ga lemonta na raguwa ba. Taga a buɗe take kullum. Ba ta aiko ba.

Amma lemo ba yakuwa ba ne. Ko kuwa ciwon ne ya riga ya yi nisa, Allah ne masani, ni dai na san lissafin lomata. Biyar, uku, ɗaya. Likita ya ɗora ta a sikeli, ya cire tabarau, ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, a tsayar da magani sai ta yi ƙarfi. Ba ta yi ba. Ranar wata Talata, bayan sallar asuba, cikin sanyin nan nasu mai shiga ƙashi, ta ce in gyara mata ɗankwali. Na gyara. Shi ke nan.

Ɗaliban Madinat Nasr su suka zo suka sallace ta. A can aka binne ta, bayan gari, cikin rairayin da ko ƙaya ba ta fitowa.

Amma kafin su zo, da hantsi, an ƙwanƙwasa. Na buɗe. Sa'idu, hannu a aljihu, bai ji ba tukuna. Ya kalli fuskata, ya leƙa ya ga an ja wa Auta mayafi har kai.

Na ce, "Khalas, Malam Sa'idu. Ta cika."

Ya tsaya da lemo biyu a hannu. Ya juya ya dubi tukwane, kamar mai neman yadda zai mayar da su jikin reshe. Sai ya kamo hannuna na dama ya sa ɗaya, ya kamo na hagu ya sa ɗaya, ya naɗe mini yatsu a kansu, ya tafi yana jan gwiwa.

Suna nan a ƙasan adakata a Wudil, cikin ƙullin da na tafi da iri. Sun bushe, sun yi baƙi, in ka girgiza sai ka ji 'ya'yan na motsi. Wata jikata ta taɓa cewa in ba ta ɗaya ta jiƙa. Na ce mata ba a ɗaukar ɗaya.